Girgam ɗin zaɓe a Nijar: daga littafin lanho zuwa na'urar ɗaukar yatsu



Yau maganar girgam ɗin zaɓe za mu taɓa, wato kundin nan da ake rubuta sunan duk ɗan ƙasar da ya isa jefa ƙuri'a. Wani zai ce, to malam, ana zancen tsaro da tsadar hatsi, ina ruwanmu da girgam alhali ko ranar zaɓe ba a sa ba? Ai shi ya sa ya kamata a yi maganar yanzu, tun hankali na kwance. Duk wanda ya bi tarihin ƙasar nan ya san sau da yawa rigimar zaɓe ba ranar ƙuri'a take farawa ba. Tana farawa ne tun a kan takarda, watanni kafin a buɗe rumfa: wa aka rubuta, wa aka manta, wa aka rubuta sau biyu, wa ya rasu amma sunansa na nan daram.

Kalmar kanta tsohuwa ce. A Barno, girgam shi ne jerin sunayen sarakuna da ake adanawa ana karantawa, wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza. Da can sunan sarki ne kawai ke shiga girgam. Yau sunan manomi da makiyayi da mai tuyar ƙosai ne a ciki. Yadda aka taso daga can zuwa nan doguwar tafiya ce, bari mu bi ta sannu a hankali.

Rubuta sunan talaka a littafin hukuma ya soma ne da zamanin Nasara, kuma ba don alheri ya soma ba. Kumandan zai fito rangadi da tafintansa, a tara gari a gaban mai gari, a kira mai gida ɗaya bayan ɗaya: mata nawa, ƴaƴa nawa, shanu nawa, awaki nawa. Da wannan littafi ake yanka lanho, da shi ake ɗibar mutane aikin tilas, da shi ake ɗibar samari soja. To wa zai so sunansa ya shiga? Sai mutane suka koyi ɓoyo. A tura saurayi daji har baƙi su wuce, a rage wa yaro shekaru, a kora dabbobi wani wuri. A garuruwan bakin iyaka, wasu sukan tsallaka ɓangaren Ingilishi, wajen Katsina ko Sakkwato ko Daura, idan abin ya yi tsanani. Kakanninmu ba wauta suka yi ba, kare kansu suka yi. Amma wannan tsoro na rubutun hukuma ya zama gado, har yau da sauransa a wasu ƙauyuka, inda in aka ga baƙo da littafi da alƙalami tambayar farko ita ce, me za a karɓa?

A shekarar 1946 abubuwa suka fara sauyawa. Majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, aka kuma ba mutanen ƙasashen da take mulka matsayin ƴan ƙasa. A shekarar ne aka kafa jam'iyyar PPN, kuma Diori Hamani ya zama ɗan majalisa a Paris. Sai dai ƙuri'ar lokacin ba ta kowa ba ce. Doka ta jera waɗanda za a rubuta: sarakuna da manyan gari, ma'aikatan gwamnati, tsoffin sojoji, ƴan kasuwa masu biyan kuɗin lasisi, mai takardar tuƙin mota ko ta riƙe bindigar farauta. Daga baya aka ƙara da wanda ya iya karatu da Faransanci ko Larabci. A 1951 aka faɗaɗa, aka sa masu gida, da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Kun ji fa, mace sai ta haihu sau biyu kafin sunanta ya shiga. Sai a watan Yuni na 1956, da dokar da ake kira ta Defferre, aka ce kowane baligi, mace ko namiji, yana da ƙuri'a.

Nan take aka samu matsalar da har yau ba ta gama warwaruwa ba. An ba kowa ƙuri'a, amma yawancin mutane ba su da takardar haihuwa, ba su da katin shaida. Abin da hukuma ta fi riƙewa a hannu shi ne littafin ƙidayar lanho, wanda mutane suka shekara suna gudu. Kuma littafin yana hannun kumandan da sarakuna. Wanda ke riƙe da littafi, shi ke riƙe da rabon katin zaɓe.

An ga tasirin haka a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, lokacin da De Gaulle ya tambayi ƙasashen Afirka ko za su zauna cikin tarayya da Faransa. Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, PPN-RDA da yawancin sarakuna suka ce i, gwamnan da Faransa ta turo, Colombani, ya tsaya wa masu cewa i da ƙarfin mulki. Sakamako ya ba i kimanin kashi 78 cikin 100. Amma cikin mutum wajen miliyan 1.3 da aka rubuta, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai rabin miliyan ba. Wato makomar ƙasa ta yanku alhali kusan mutum biyu cikin uku na masu suna a littafi ba su je rumfa ba.

Bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. A zaɓen 1965 da na 1970 ɗan takara guda ne, sakamako kuwa kusan ɗari bisa ɗari. A irin wannan zaɓe babu mai damuwa ko girgam daidai yake ko a karkace, tun da ba wanda zai faɗi. Daga juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 kuma aka shafe shekaru ba zaɓen shugaban ƙasa sam. Abin da aka samu mai amfani a wancan zamani shi ne ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ta farko, a 1977, wadda ta nuna mutum sama da miliyan 5, sai ta 1988 da ta nuna sama da miliyan 7. Amma ƙidaya daban, girgam daban. Ƙidaya tana faɗin yawan mutanen gari, shi kuwa girgam sai ya faɗi sunan kowa da na mahaifinsa da shekarunsa da rumfarsa. Shekara 30 suka wuce ƙasar ba ta koyi wannan aiki ba, don ba ta buƙace shi ba.

Buƙatar ta taso gaba ɗaya bayan Babban Taron Ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yuli 1991 ƙarƙashin jagorancin André Salifou. Jam'iyyu suka yi yawa, kowace ƙuri'a ta zama da daraja. A zaɓen 1993 da ya kawo Mahamane Ousmane, sunayen da ke rubuce sun kai kimanin miliyan 4, waɗanda suka fito kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wani zai ce mutane ne ba su damu ba. Akwai wannan. Amma ku lura da lissafin: in kundi na cike da matattu da waɗanda suka ƙaura da waɗanda aka maimaita, ko duk mai rai ya fito, adadin zai nuna kamar gari bai fito ba. Kuma kowane suna da ba mai shi ƙofa ce a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekarar 1996 ta nuna inda gaggawa ke kai ƙasa. Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairu, ya tsaya takara a watan Yuli. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta nemi a ɗaga rana don shiri bai kammala ba, ba a saurare ta ba. Ranar 7 ga Yuli kayan zaɓe ba su wadata ba, musamman a Yamai, har aka ƙara rana ta biyu. Ana cikin haka aka rusa CENI, aka naɗa wata hukuma, ita ta faɗi cewa Baré ya ci tun zagayen farko da kimanin kashi 52. Ƴan adawa ba su taɓa yarda da wannan sakamako ba. Ƙasa ta zauna cikin zaman doya da manja, zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙara dagula lamura, har abin ya ƙare da kisan Baré a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999. Ba girgam kaɗai ya jawo wannan ba, kowa ya sani. Amma zaɓen da aka shiga ba a shirya ba shi ya buɗe hanya.

Daga nan adadin ya yi ta hawa. A 2004, shekarar da aka yi zaɓen kwaminoni 265 kuma Tandja Mamadou ya samu wa'adi na biyu, masu suna sun haura miliyan 5. A 2011, bayan riƙon ƙwaryar Salou Djibo, sun kai kimanin miliyan 6.7. Salon aikin dai bai sauya sosai ba: zaɓe ya matso, a nemo kuɗi, a ɗebi matasa a ba su littattafai su bi gida gida, a tattaro a shigar cikin kwamfuta a Yamai, a buga kati a aika. Sai ka je wurin rabon kati ka tarar da tuli guda ba masu su, ga kuma mutane tsaye suna neman nasu babu.

Me ke ɓata kundin? Bari mu faɗe su da sunansu, don kowa ya san su a gidansa.

Na farko suna. Mu ba mu da sunan zuri'a irin na Turawa, sunanka ne da na mahaifinka. A ƙauye guda za ka samu Abdou Issa biyar, Hadiza Moussa bakwai. Ga kuma rubutun Faransanci: mutum ɗaya yau Mahamadou, gobe Mahamane, jibi Mamane ko Maman, ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Mata da yawa an fi sanin su da sunan rana ko laƙabi, ga kunyar faɗin sunan miji ko na ɗan fari. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Tana iya ɗaukar mutum ɗaya a matsayin uku, ko ta haɗe mutum uku ta ce ɗaya ne.

Na biyu shekaru. Dubi katin dattawa da yawa, za ka ga an rubuta an haife shi wajen shekara kaza, ko kuma 1 ga Janairu, kamar duk ƙasar rana ɗaya aka haife ta. Doka ta ce shekara 18, ko wanda aure ya fitar daga ƙuruciya. In ba takarda, wa zai raba gardama tsakanin ɗan shekara 16 da ɗan 18? Sai ido, shi kuwa ido yakan bi son zuciya.

Na uku mutuwa. Mukan yi wa mamaci wanka da salla, mu kai shi makwanci kafin rana ta faɗi, mu yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Amma mutum nawa ke zuwa ma'aikatar magajin gari su sanar? Sai in akwai fansho ko gado mai takarda. Saboda haka sunan na nan, katin na fitowa, wani na iya karɓa.

Na huɗu tafiya. Da an gama girbi, samarin Tawa da Maraɗi da Damagaram sun kama hanyar ci rani, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Abijan ko Akara. Makiyaya suna arewa da damina, suna kudu da rani. Daga 2015 kuma aka ƙara da gudun hijira, farko a Diffa, sannan Tillaberi da arewacin Tawa, da yankin Gidan Rumji da Madarumfa. Mutum sunansa na garin da ya bari, shi kuma yana inda ba a san shi ba.

Duk waɗannan sun haɗu a zaɓen 2016. An yi alkawarin girgam na zamani mai hoto da yatsu, har aka kafa kwamiti na musamman, CFEB, amma lokaci ya ƙure aka koma tsohon salo. Ƴan adawa suka ce ba su yarda da kundin ba. Sai aka gayyato ƙwararrun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, suka bincika. Suka ce a soke rumfuna kimanin 300 da babu su sai a takarda, a goge sunaye wajen 25,000 da aka maimaita. Aka gyara, kundin ya tsaya a kan kimanin miliyan 7.5. Ana dab da zaɓen 21 ga Fabrairu sai wata ta taso: mutum kimanin miliyan 1.5 sunansu na ciki amma ba su da wata takardar shaida. Aka ce su yi zaɓe da shaidar mutum biyu. Masu mulki suka ce ba za a hana talaka haƙƙinsa don ba shi da takarda ba, ƴan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce. In ka duba da adalci, kowane ɓangare na da abin faɗi. Tushen dai ɗaya ne, an haifi mutane ba a rubuta su ba.

Wannan darasi ne ya sa aka kafa CENI ta dindindin a 2017, ƙarƙashin lauya Issaka Souna, aka ba kamfanin Gemalto kwangilar na'urori. Kafin a soma sai da alƙalai suka fita zaman shari'a na tafi da gidanka, gari gari, suna yi wa mutane takardar haihuwa. Daga Oktoban 2019 zuwa cikin 2020 aka bi jihohi kashi biyu ana ɗaukar hoto da yatsu. Aka liƙa jerin wucin gadi don kowa ya duba. Ƙwararrun OIF da na CEDEAO suka bincika suka ce kundin abin dogaro ne, ko da yake manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaman CENI, suna cewa ba su yarda da ita ba. Jimilla ta tashi mutum 7,446,556, mata sun fi rabi.

Ku tsaya ku kalli wannan adadi da kyau. A 2016 miliyan 7.5, a 2020 miliyan 7.4. Ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 17.1, wadda jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara, ta yi kusan shekara biyar amma masu zaɓenta sun ragu. Ma'ana biyu ce. Ta farko, tsohon kundin na da kumburi, na'ura ta sace shi. Ta biyu, akwai ƴan ƙasa masu rai da ba a kai gare su ba. A wasu yankunan Tillaberi rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga. Ƴan Nijar mazauna ƙetare ba a rubuta su ba saboda annobar korona, shi ya sa ranar 27 ga Disamba 2020 kujeru 166 aka cike cikin 171, biyar ɗin ƴan ƙetare sai a Yunin 2023. Kuma kada mu manta aikin nan ya ci rayuka: ranar zagaye na biyu, 21 ga Fabrairu 2021, ma'aikatan zaɓe bakwai suka rasu da motarsu ta taka nakiya a kwamin ɗin Dargol. Allah ya jiƙan su.

Na'ura ta magance abu ɗaya, yatsa ba ya shiga sau biyu. Amma na'ura ba ta zuwa jana'iza, ba ta zuwa suna, ba ta san wanda ya tashi daga Dakoro ya koma Arlit ba. Kundi yana soma tsufa tun daren da aka rufe shi.

Yau ga inda muke. Tun 26 ga Yuli 2023 sojoji ke riƙe da ƙasa. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya tanadi wa'adin wata 60, mai iya sauyawa gwargwadon hali, an kuma rusa jam'iyyu. Nijar ta fita daga CEDEAO, ta fita daga OIF, su ne kuwa waɗanda ake kira su duba girgam in gardama ta yi zafi. Duk ranar da aka koma rumfa, yarda da kundin daga cikin gida za ta fito. Yaron da ke da shekara 13 lokacin rubutun 2020 ya riga ya cika 18. In abin ya kai 2030, wanda ke da shekara 8 a lokacin shi ma ya isa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan miliyoyin mutane ne da babu sunansu ko'ina cikin wancan kundi.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne girgam yana tsaye ne a kan littafin haihuwa da na mutuwa. In waɗannan biyu na da rai a kowane kwamin, sabunta girgam ƙaramin aiki ne. In babu su, kowane zaɓe sai an kashe biliyoyin sefa an soma daga farko, cikin gaggawa, ana zargin juna. An samu ci gaba, don binciken lafiya na ƙasa ya nuna yaran da aka yi wa rajistar haihuwa sun tashi daga kashi 32 a 2006 zuwa kashi 64 a 2012. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa ko aure ko rasuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Wanda ya bari lokacin ya wuce, sai ya bi ta wurin alƙali.

Saboda haka aikin ya rabu. Hukuma nata ne ta wadata cibiyoyin sanarwa da littattafai, ta biya masu rubutu haƙƙinsu, ta sa takardun su fito kan lokaci maimakon su kwana shekara a ofis, ta haɗa littafin kwamin da kundin ƙasa. Mai gari da mai unguwa da liman su ne ba a haihuwa ko a rasu ba su sani ba, kalma ɗaya daga bakinsu ranar suna ko ranar sadakar uku ta isa ta tuna wa iyali. Mu kuma masu gida, wanda ya iya sayen ragon suna bai kamata ya kasa zuwa karɓo takardar jariri ba, mace ko namiji. A duba rubutun sunan tun a wurin, a tabbatar iri ɗaya ne a kowace takarda. Wanda ya yi rashi ya je ya sanar, don kada a yi amfani da sunan mahaifinsa yana kabari. Ran da aka liƙa jerin sunaye kuma, a je a duba, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An gwada haka a 1996, an gwada a 2016, kun ji yadda ta kaya.

A garinku ko unguwarku, yaran da aka haifa bana nawa ne ke da takarda? Ku tambayi mai unguwa, ku faɗa mana abin da kuka ji. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka.